Mai Sharhin Tseren Raƙuma a Belbeji

Yagana na zaune da faifan cukunta a bakin kasuwar dabbobi ta Belbeji, idonta na kan wani dogon mutum da ba ta taɓa gani ba. Babbar rigarsa ta sha guga, tabaransa kuwa ƙafa ɗaya gare shi, zare ke riƙe da ɗaya gefen. Salula biyu ke hannunsa. A ɗaya wasan waya na tseren raƙuma ke gudana, ɗayar tana ɗaukar muryarsa.

"Jama'a masu saurare," in ji shi, da muryar mai karanta labaran rediyo, "wannan wasa yana da nagarta, raƙumansa kuma sun cancanci yabo."

Sai ya ajiye salular wasan a ƙasa, ya kifa hularsa a kanta, ya ja da baya taki bakwai, ya rage murya.

"Ku ji, kar ku wahalar da kanku. Raƙumin nan tafiyar agwagwa yake yi. Wanda ya zana shi ko akuya bai taɓa kiwo ba."

Yagana ta tabbata tsohon dillali ne, don su ne ba sa kushe dabba a gaban mai ita.

"Malam, wace magana za ka aika wa mutane a cikin biyun?" ta tambaye shi.

"Ta farko mana. Ni ƙwararre ne, ba na sharhi da Hausar tasha."

"Ai ta biyun ce gaskiya."

Ya saci kallon hular, ya ɗora yatsa a leɓe.

"Baiwar Allah, sassauta murya. Mai raƙumin yana jin ki."