Ranar da Na Ɓoye Ƙanena

Shekaru sun tafi da abubuwa da yawa daga kaina, amma safiyar Litinin ɗin da labarin masu tantance malamai ya iso makarantar ƙauyenmu tana nan, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ina bakin ƙofar makarantar ina juya masa a tanda, hedimasta ya tsaya da babur ɗinsa bai ko kashe shi ba, ya ce, "Mai masa, sun gama da Kalgo. An ce satin nan za su shigo Gwandu. Duk wanda suka iske riƙe da aji ba shi da takardar koyarwa, waje za a yi da shi, ni ma a tuhume ni." Masar da ke tanda ta ƙone ban sani ba.

Ƙanena yake nufi. Ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, shi kuwa Allah ya ba shi kai, ya yi digiri a lissafi, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida babu aiki. Makarantarmu, da ke kusa da Maruda, ta daɗe ba malamin lissafi, sai ya shiga koyarwa a matsayin ɗan sa-kai. Shekara uku yana yi. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar malamai sai a ce masa digirinsa ba na koyarwa ba ne. Daga baya ya ji akwai hanya ga irinsa: difloma ta shekara ɗaya da aka tanadar wa masu digiri, ana karatun Asabar da Lahadi a wata cibiya a Kalgo. Ya shiga. Ya ci jarrabawar rubutu duka. Abin da ya rage shi ne koyarwar gwaji: malami daga cibiyar ya zo sau uku, ba tare da sanarwa ba, ya zauna a bayan aji ya kalle shi yana koyarwa, ya sa hannu a takarda. An zo sau biyu. Wani dattijo ne mai farin gemu, na san shi, har masa na taɓa ba shi. Saura zuwa ɗaya.

A ranar muka yi shawara, ni da hedimasta da wani malamin aji biyar. Tunda ni ce a ƙofa, ni ce ido. In na ga baƙo da takardu, zan buga murfin tukunya sau uku, ƙanena ya fita ta baya ya shiga gonar gero, malamin aji biyar ya tsaya a ajin ƙanen nawa. Aka ja wa yara kunne. Ƙanena bai so ba. Ya ce, "Yaya, ni ba ɓarawo ba ne. Karatu nake koya wa ɗiyan mutane."

Na ce, "Kai dai yi abin da aka ce, malam mai digiri. Digirin nan ne zai hana a kore ka?"

Ya yi dariya ya bar maganar. Bai iya musu da ni ba tun yana ƙarami, kuma yau ina ganin da ya iya, da ya fi mana.

Kwana uku ban zauna daidai ba. Kowane babur ya taso daga hanyar Gwandu sai na miƙe. Na zuba wa wata yarinya yaji a kunu. Jita-jita kuwa kullum da sabuwa: wai masu tantancewa ba sa zuwa da motar gwamnati, wai sukan ɓad da kama su ce su wasu ne. A wurinmu dama tsohuwar ɗabi'a ce, baƙo mai takarda in ya tambayi ɗan gari, ba a nuna masa. Sai a ce ba a san shi ba, har a gane abin da ke tafe da baƙon. Haka muka iske iyayenmu suna yi.

Ranar Alhamis da hantsi, hedimasta ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata. Doguwa ce, da atamfa da ɗankwali, ta rungume fayil a ƙirji. Tun kafin ta gama gyara tsayuwa a ƙasa na buga murfin. Ta ƙaraso ta gaishe ni da Hausar mutanen kudancin Kebbi, ta ambaci sunan ƙanena cikakke, ta tambayi inda ajinsa yake.

Na ce, "Babu mai wanga suna nan."

Ta duba fayil ɗinta. Ta ce, "Mama, daga cibiyar karatunsu nake, a Kalgo. Wanda yake zuwa ba shi da lafiya, ni aka ba ɗalibansa. Ki tuna da kyau."

Ta faɗa mini gaskiya ƙarara, ba ta ɓoye komai ba. Ni ce na riga na yanke cewa dabara ce. Na ce a raina, ai ga ɓad da kamar da ake faɗi. Na dubi tsakiyar idonta na ce, "Shekarata goma a ƙofar nan. Ban san shi ba."

Ta shiga ciki. Ta iske malamin aji biyar a gaban allo, ya ce ajinsa ne. Ta tambayi yara, suka sunkuyar da kai. Ta gwada waya, wurinmu ba sabis sai an hau tudu. Ta jira kusan awa ɗaya a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, sannan ta tafi. Ni kuwa har daɗi na ji, ina ganin na tsare nawa.

Da ya fito daga gona, wandonsa duk laka, na ba shi labari ina murmushi. Ya ce, "Mi ta ce miki? Faɗa mini yadda ta faɗa." Na maimaita. Ya hau tudun bayan makaranta da wayarsa, ya kira cibiyar. Da ya sauko bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bencina ya ce, "Yaya, zuwan nan nake jira tun farkon zango."

Masu tantancewar da muke tsoro ba su taɓa zuwa ƙauyenmu ba, har yau.

Jumma'a ta wuce ban san yadda ta wuce ba. Na ɗora tanda na sauke, na shiga ɗaki na fito. Asabar da sassafe na ce masa ya zauna, ni na ɓata ni zan gyara. Mota biyu na hau kafin na isa Kalgo. Na iske manya, wasu da furfura, zaune a kujerun yara suna rubutu, duk masu digiri masu neman takardar koyarwa. Na tsaya a baranda har matar ta fito.

Ta ce, "A'a, mai masa. Yau kin tuna shi?"

Na durƙusa na faɗa mata komai, har murfin tukunya. Ta yi dariya kaɗan, ba ta mugunta ba. Ta ce, "Tashi, Mama, kin girme ni. Ban rubuta ya gudu ba, na bar wurin babu komai. Amma ina da ɗalibai tun daga Dangoma har Wurogauri, kuma sati mai zuwa za a rufe makarantu. Satin farko bayan dogon hutu zan zo. Ki bar mini ƙofa a buɗe."

Na koma gida da wannan alkawari. Ya ce ba komai, sati shida ne. Ya shirya darasin da zai koyar ranar, ya sake shirya shi, har ya gwada a kaina ina tankaɗe. Ni dai ina lissafin kwanaki, in ce ya yafe mini, ya ce, "Yaya, kin ishe ni da neman gafara."

A sati na huɗu zazzaɓi ya kama shi, idonsa ya yi rawaya. Muka kai shi asibiti. Kwana biyar ya yi. Allah ya ji ƙansa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Matar ta cika alkawari. Ranar Talatar farko bayan hutu ta sauka a ƙofa da fayil ɗinta, ba wanda ya sanar da ita rasuwar. Ni na gaya mata. Ta zauna a bencina. Sai na roƙe ta abin da bai kamata ba. Na ce ta sa hannun kawai, ko takardar koyarwar ta fito da sunansa in ajiye.

Ta kama hannuna ta ce, "Mama, kowa ya ce mini malami ne na gaske, kuma na yarda. Amma ban gan shi yana koyarwa ba. Ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

Na ji zafin maganar a lokacin. Daga baya na gane ta fi ni riƙe masa mutunci. Ajali ba ni na kawo shi ba, wannan na sani. Amma ni na hana a gan shi a gaban allo, wurin da ya fi kyau a duniya. Abin da na koya shi ne, in za ka tsare naka, ka fara sauraron abin da baƙo ya zo da shi, kuma ka saurari shi wanda kake tsarewa. Mai gaskiya ba ya bukatar a ɓoye shi a gona.

Ta bar mini takardar. Sa hannu biyu ne a kanta, layi na uku ba a cike shi ba.