Hannun Ardis a Madubin Hagu

Orlin Skaare manomin alkama ne a arewacin Dakota ta Amurka, can inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta. A gonar aka haife shi, a nan ya yi gemu, a nan gemun ya yi fari. Ba mai yawan magana ba ne. In ka tambaye shi yaya amfanin bana, sai ya ɗaga kai ya dubi sama tukuna, sannan ya ce, "To, ba laifi."

Matarsa Ardis ita ce bakin gidan. Ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makarantar garin abinci, ta san wanda ba ya cin wake da wanda uwarsa ba ta da lafiya. Tun tana amarya ta fara tsaya masa a baya. Wata rana yana fama ya shigar da keken hatsi cikin rumbu da ribas, ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, sai ta fito daga kicin da gari a hannu, ta tsaya daidai inda zai hango ta a madubin hagu, ta nuna masa da yatsa. Keken ya shige kamar zare a allura. Daga ranar yake kiranta Kwandasta, ita kuma take ce masa Direba.

Da gwiwoyinsa suka gaji, sai suka bar wa ɗan ƙaninsa gonar, suka sayi tirelar kwana, irin gidan nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura. Suka shiga ci-ranin tsofaffi. Da zarar dusar ƙanƙara ta fara lasar tagogi, sai su tsiyaye ruwan famfo don kada ya daskare ya fasa bututu, su kulle gida, su nufi kudancin Texas.

Zaɓen inda za a sauka aikin Ardis ne. Tana da katunan rangwame na sansanonin da masu tirela suke sauka, a cikin gwangwanin biskit, kowanne da halinsa, kuma ta san su kamar yadda ta san 'yan makarantarta. Wannan yana rage kuɗin kwana amma ba ya aiki a ƙarshen mako. Wancan yana da daɗi a hanya, amma da an shiga tsakiyar hunturu sansanonin kudu ba sa ko kallonsa. Takan baza su a tebur tana shan gahawa, tana cewa, "Kati ba don ya zaɓa maka wuri aka yi shi ba, Direba. Ka zaɓi wuri tukuna, sannan ka ga wane kati zai bi ka." Katunan na hanya ne kawai. Ƙarshen tafiya kullum wuri ɗaya ne, wani tsohon sansani da ake kira Lambun Lemo, wanda bai karɓi katin kowa ba tun da aka kafa shi.

A Lambun Lemo duk gurbi da baya ake shigarsa, tsakanin bishiyar lemo da turken lantarki. Shi ya sa isowar sabuwar tirela ta zama kallo. Tsofaffi sukan fito da kujerunsu na naɗewa su jeru, don a wurin ribas ake sanin aure. An ga matar da ta jefar da hularta ta koma mota. An ga mijin da ya leƙo ta taga yana ihu, "Hagun wa? Naki ko nawa?" Amma in Orlin da Ardis ne, ba a jin ko tari. Yatsanta ya nuna inda wutsiyar tirela za ta bi. Tafukanta biyu su riƙa matsowa suna auna abin da ya rage. In ta dunƙule hannu, ya taka birki. Dokarsu ɗaya ce: in bai gan ta a madubi ba, ba ya motsi.

Maƙwabcinsu a can, Lucien, wani tsohon mai gyaran jirgin ƙasa daga Kanada, yakan naɗe kujerarsa yana tsaki. "Ku ba ku da amfani," yakan ce. "Mutum ya fito kallon faɗa, ku ba shi sallar shiru."

Abin ya fara ne da bazarar da ta wuce, da suka dawo gida. Orlin yana mai da tirela rumfarta, Ardis tana ta yafito shi, zo, zo, zo, idonta kuwa yana kan wasu dinya da suke wucewa a sama. Wutsiyar tirela ta daki ginshiƙin ƙofa. Ya fito ya duba, ya ce rana ce ta kashe masa ido. Kafin kaka likita ya ba abin da ke damun Ardis suna: ciwon mantuwa.

'Yarsu Marlys ta zo daga birni da ganye ya fara zuba. Ta zauna a teburin kicin, a kujerar da uwarta take baza katuna.

"Baba, ku haƙura da tafiyar bana."

"Uwarki ta haɗa kaya tun watan jiya."

"Ta haɗa ta kwance, ta haɗa ta kwance. Ɗazu na samu takalminta a cikin firji."

"To, ai kudu da zafi. Shiri take."

Marlys ta yi dariya, dariyar ta ƙare a hawaye. Ta ce, "Ba ƙofar rumfa nake ji ba, Baba. In ta koma bayan tirelar fa, inda ba ka ganinta?"

Orlin ya dubi taga. Shi ma abin da yake gani ke nan duk sanda ya rufe ido.

Marlys ba ta zo hannu rabbana ba. Ta riga ta yankar musu katin wata ƙungiya mai sababbin sansanoni, inda kowane gurbi a buɗe yake gaba da baya. "Ka shiga ta nan, ka fita ta can," in ji ta. "Ba ribas. Ba wanda zai tsaya maka a baya." Orlin ya juya katin a hannu. Ya tuna abin da Ardis take faɗa a kan kati da wuri, amma Ardis tana falo tana naɗe tawul ɗaya karo na ba adadi. Ya sa katin a aljihu.

Suka kama hanya. Farin ƙanƙara ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma kore. A duk inda suka yada zango, kafin ya kashe mota Ardis ta riga ta buɗe ƙofa, ta zagaya baya, ta tsaya a madubin hagu da hannunta a sama. Shi kuwa ya riga ya gama shiga.

"Taho, Kwandasta. Mun shiga."

"Yaushe?"

"Irin gurbin da ake shiga da gaba ne. Ba sai kin wahala ba."

Sai ta sauke hannun a hankali, ta dube shi kamar abin da ta tsinta ba ta san mai shi ba.

Sabon sansanin ba shi da laifi. Siminti fes, wurin iyo mai ruwan ɗumi, ciyawa kamar an aske ta da reza. Mutanen kirki ne, suna gaisuwa. Sai dai ba fuskar da Ardis ta sani. Kowace safiya takan ɗaga labule ta nemi bishiyar lemo, ba ta gan ta ba, ta ce, "Direba, yaushe za mu isa?" Ta daina yin gurasar dankalin nan ta kakanninsu da take raba wa maƙwabta. Ta daina fita. Takan zauna da jakarta a cinya, kamar mai jiran mota a tasha.

Da suka cika mako biyu, wata yarinya daga ofis ta zo cikin ladabi ta tuna masa ƙa'idar katin. Mai irin katinsa mako biyu yake yi, ya fita ya yi mako guda a wani wuri, sannan ya dawo ko ya wuce wani sansanin nasu. Haka zai yi ta yi har hunturu ya ƙare. Orlin ya tsaya riƙe da bututun ruwa. Da Ardis ta dā ce, da kallo ɗaya za ta gano wannan tun a teburin kicin. Matar da ba ta gane wuri ɗaya ba, ita zai riƙa ɗauka yana sauyawa wuri duk bayan kwana kaɗan.

Da azahar ya kira Lucien a waya.

"Kai, tsohon banza!" in ji Lucien. "Mun ɗauka ƙanƙara ta binne ku. Gurbinku yana nan, na hana kowa. Na ce musu akwai tururuwa."

Orlin ya faɗa masa komai a taƙaice, har da ƙofar rumfa. Lucien ya ce, "Madubi biyu ne da motarka, ko ka sayar da ɗaya?"

Washegari suka isa Lambun Lemo da hantsi. Tun daga ƙofar sansanin Ardis ta miƙe zaune. "Ga gidan wanki," ta ce. "Sun sake fenti. Bai yi kyau ba."

Kujeru suna jere kamar kullum, amma yau ba mai tsokana. Ya gane Lucien ya riga ya zagaya. Ardis ta sauka, ta zagaya baya, ta tsaya a wurinta, ƙarƙashin bishiyar lemo, rana tana ratsa ganye tana sauka a farin gashinta. Ta ɗaga hannu. A madubin dama, bayan turken lantarki, inda jikin tirela ya kare shi daga idonta, Lucien ya tsaya kamar mai duba wayar wuta.

Orlin ya sa ribas. Ya dubi hagu don ya tabbata tana nan, ya dubi dama don ya san hanya. Da farko hannayen biyu suka yi magana ɗaya, zuciyarsa ta ɗan saki. Sai aka zo kwana. Yatsan Lucien ya nuna dama. Yatsan Ardis ya nuna hagu, wajen bishiya, wajen da take tsaye, kuma ba ya rawa ko kaɗan, yana nan cike da tabbaci irin na ranar rumbu.

Tun yana ango bai taɓa saɓa wa yatsan nan ba. Hannunsa ma ya fara bin sa da kansa, sai da ya riƙe sitiyari da ƙarfi. Ya juya wajen Lucien. Tirela ta lanƙwasa a hankali ta bar bishiyar, ta shige gurbinta daidai. Lucien ya dunƙule hannu. Ya taka birki.

Tsofaffi suka tafa. Wata ta ce, "Sannu Ardis, har yanzu ba na biyunki!"

Ardis ba ta juya ba. Ta tako zuwa tagar direba, ta dafa ƙofa. Idonta a sarari yake, irin yadda bai gan shi ba tun bazara.

"Ba hannuna ka bi ba."

Ya buɗe baki zai ce rana ce. Ya kasa.

"A'a," ya ce.

Ta leƙa ta cikin motar ta hango madubin dama, ta ga Lucien yana saɗaɗawa. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Da ka buge ni?"

"Da ban motsa ba."

Ta gyaɗa kai. "To, ka yi daidai, Direba." Ta shafa masa kunci da hannun nan, ta juya ta tafi gaida mutane.

Kafin gahawa ta tafasa ta manta. Tana zaune a tsakiyar kujeru da lemo a cinya, tana ba su labarin yadda ta shigar da shi da bugu ɗaya. "Mutumin nan," in ji ta, "ba don ni ba, da a cikin kogi zai kwana." Kowa ya yi dariya, har Orlin. Shi kaɗai ya san abin da aka faɗa a bakin taga, kuma ba shi da wanda zai tuna shi tare da shi.

Suka yi hunturun a nan. Katin Marlys ya koma gwangwanin biskit. Ardis ta yi gurasar dankali sau ɗaya, ta manta gishiri, aka cinye tas. Wasu ranakun takan kira Lucien da sunan wanta da ya rasu, shi kuma ya amsa.

Wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe. Da suka koma gida ƙanƙara tana narkewa, Marlys ta tare su a ƙofa ta shige da uwarta ciki. Orlin ya ja tirela zuwa bakin rumfa, ya sa ribas, ya dubi madubin hagu. Ba komai a ciki sai gona da sama. Ƙafarsa ta hau birki da kanta, ta ƙi sauka.

Ya daɗe a haka, injin yana kuka a hankali. Daga baya ya kashe mota, ya bar tirelar a waje inda take, ya shiga gida ya ɗora mata ruwan shayi.