Rabin Gashin Bakin Suruki

Mai askin bakin layi mutum ne da Allah ya ba hannu mai sanyi da zuciya mai saurin firgita. Tun yana saurayi yake haya a shago guda: kujera mai juyawa, madubin da ya tsage a kusurwa, da fanka mai kukan tsufa. Burinsa a duniya bai wuce ya mallaki shagon nan ba, ga shi mai shagon ya fara zancen sayarwa. Sai ya tattara ɗan abin da ya tara, ya zuba a hannun jari ta waya, wai kuɗin su hayayyafa kafin lokacin.

Tun daga nan waya ta samu mazauni a jikin madubi. In kibiyar farashin jarinsa ta yi kore, har waƙa yake yi. In ta yi ja kuwa, masu jiran layi sai kowa ya tuna yana da uzuri. Bawan Allah nan da bai taɓa damuwa da labarai ba, yanzu ko jirgin ruwa ya maƙale a wata uwa duniya sai ya rarumi waya.

Ranar da kasuwa ta yi mummunar faɗuwa, surukinsa ne a kujera, dattijo mai ji da gashin bakinsa kamar gonar gado. Mai aski ya saci kallon waya, ya ga ja jawur. Hannu ya goce, inji ya share rabin gashin bakin tas.

Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, ka gafarce ni! Jarina ne ke narkewa. Bari in aske ɗaya ɓarin, in sayar da abin da ya saura kafin in rasa shagon nan gaba ɗaya."

Dattijo ya daɗe yana duban madubi.

"Ɗana, ba za ka taɓa ɓarin nan ba. Ga tararka: ba ka sayarwa, ba ka ma leƙa wayar nan, sai gashina ya daidaita."

Wa zai yi musu da surukin da ya yi wa wannan ɗanyen aiki? Waya ta koma hannun matar mai aski, 'yar dattijon. Dattijo kuwa ya ci gaba da yawo da rabin gashin baki, jikoki na dariya, ko a jikinsa. Duk mako yakan zo, a sa mataji a gwada, ya ce, "Da saura."

Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mai aski ya san gashi, ya san bai kamata ya yi wannan nawa wajen tofowa ba. Wata rana ya matso da fitila, sai ya ga sawun almakashi, yankan wanda bai iya ba. Ashe tsohon nan kullum sai ya tambayi 'yarsa launin kibiya, in ta ce ja, ya shiga ɗaki ya rage ɓarin da ke tofowa.

Mutumin da ke ji da gashin bakinsa haka, ya zaɓi a yi ta yi masa dariya don kada mijin 'yarsa ya sayar da asara.

"Yaya, ya daidaita?" in ji dattijo.

Mai aski ya ajiye mataji, ya goge ido da gefen tawul.

"Da saura, Baba."