Takarda Biyu a Kan Gona Ɗaya

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su koma bariki, ni ce sakatariya a ƙaramin buron garinmu, wato ofishin hukuma, can gefen hanyar Gazawa. Na ɗan koyi rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni lokacin da nake karatu a lakol a Maradi, amma aikina bai wuce buga takardu ba. Da aka sauke zaɓaɓɓu, sai aka turo mana wani soja mai ƙarancin magana ya riƙe buron. Ko gaishe shi na yi, kai kawai yake kaɗawa.

Kafin zuwansa tsohuwar ordinatar ɗinmu ta ƙone, kuma a cikinta hotunan takardun gonaki suke. Abin da ya rage mana shi ne wani faifai ɗan tafi-da-gidanka. Mai gyara ya taɓa kwashe cikin na'urar dungurungum ya zuba a kansa, ƙunshi guda kamar buhun da aka ɗinke wa baki. Shi kuwa mai gyaran ya tafi ci-rani, ba mai labarinsa.

Gab da damina wani tsoho ya zo ƙara. Ubansa daga ƙetaren iyaka ya zo ya sari dajin, shi a nan aka haife shi, yanzu ga wani ɗan kasuwa ya kafa duwatsun iyaka a gonar tsohon yana cewa tasa ce. Takardar tsohon kuma gara ta cinye. Sojan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ke ce mai riƙon na'ura. Ranar kasuwa ina son takardar nan. In babu, jandarma za ki yi wa bayani."

A lokacin ana ta kama ma'aikata a wurare, wasu da laifi, wasu ba a san dalili ba. Na koma kujerata na ɗauko faifan.

Sabuwar ordinatar da aka ba mu tsarin tafiyarta daban ne da na tsohuwar. Tana ganin ƙunshin, amma ba ta san ta inda ake kwance shi ba. Washegari na hau taksi zuwa Cadawa wurin wani malamin lakol mai na'ura irin tsohuwar tamu. Muna jona faifan sai ta ce ba ta gane shi ba, ko a share shi a gyara? Malamin har ya kai yatsa, na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi wa namiji ba. Na zare faifan na ɗaure a bakin zane. Duk hanyar dawowa hannuna na kansa, kowane rami muka faɗa sai in ƙara dafe shi.

Na ga ba mai fitar da ni sai abin da na koya. Na fara yin kwafi, don kada in taɓa na asalin. Daga nan na rubuta ɗan umarni da zai karanto mini farkon ƙunshin, inda faifai ke ajiye bayanin yadda aka raba shi. Kwana biyu lambobi kawai nake gani. Duk motar da ta tsaya a ƙofar buro sai in ɗauka tawa ce ta zo. A rana ta uku na gane kuskurena: takardun ba daga bakin ƙunshin suka fara ba, sai an tsallake wani yanki. Na gyara lissafin tsallaken, na sake sa shi aiki. Sunayen ƙauyuka suka fara zubowa.

Murnata ba ta daɗe ba. Takarda biyu na tarar a kan gonar. Ta tsohon ta daɗe. Ta ɗan kasuwar sabuwa ce, an yi ta a kan gona mai mai ita, da sa hannun wani babba da aka sauke, mutumin da ya ɗauke ni aiki, wanda matarsa ta yi mini wankan jego. Na san in na ɓoye ɗaya ba wanda zai iya buɗe ƙunshin ya ƙaryata ni. Na kuma san zaɓe na tafe, waɗanda aka sauke suna iya dawowa.

Ranar kasuwa na buga su duka biyu na ajiye gaban sojan. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya gani bayan ke?"

Na ce babu kowa. Ya sa su a aljihun teburi ya kulle.

Tsohon ya shuka geronsa a wannan damina, aka kwashe duwatsun ba tare da hayaniya ba. Bayan zaɓe mutanen babban nan suka dawo buron. Ba wanda ya ce mini kanzil, sai dai an mayar da teburina ɗakin ajiya, matar babban kuma ta daina amsa gaisuwata a wurin suna. Shekara guda na yi a ɗakin nan ina sauraron takun masu wucewa, kafin mijina ya samu aiki a Gidan Rumji muka tashi.