Yadda Na Sayar da Baƙon Garinmu

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Minjibir. Mahaifina manomin gyaɗa ne, ni kuwa tun ina yaro bakina ya fi hannuna aiki. Na fara da zuba yashi a buhun gyaɗa, daga nan na koma karɓar kuɗin taki a hannun mutane, takin da har yau bai iso ba.

A garinmu akwai wani baƙo, Malam Idrisa. Ɗan majalisa ne a ƙasarsu kafin sojoji su ƙwace mulki, ya gudo da matarsa da 'ya'yansa. Mai gari ya ba shi aron gona. Yana noma, yana koya wa yara karatu, lokaci-lokaci kuma ya ɗauki murya a waya ya tura wa mutanen ƙasarsu, yana tona zaluncin da ake musu. Mahaifiyarsa da ƙaninsa suna can a ɓoye.

Wata rana a tasha, a Kano, wasu mutum biyu suka tare ni, Hausarsu ba irin tamu ba. Da farko hoton gidan Malam Idrisa kawai suka nema, suka ce za su biya ni. Na ce wannan ai banza ce ta faɗi. Sai kuma sunayen masu zuwa wajensa. A ƙarshe babbansu ya ce, "Inda tsohuwarsa take muke so."

Kun san al'adarmu: matafiyi ba ya ƙin saƙo, mai saƙo kuma ba ya zargin matafiyi. Da ita na kama shi. Na je na durƙusa na ce, "Malam, zan tsallaka ƙasarku saro kanwa, ko akwai saƙo?" Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Matarsa ta soya ƙuli-ƙuli, shi ya haɗa da turmin atamfa. Ya rako ni har bayan gari yana yi mini kwatance: garin, unguwar, gidan da ke bayan rijiya. Ya ce, "Ka ce wa Inna muna nan lafiya."

Ko'ina ban je ba. Na sayar da kwatancen, na cinye ƙuli-ƙulin. Kaico!

Ba a jima ba aka kama ƙanin nasa. Aka bugo wa Malam waya, aka ce ya yi shiru ko ya jira gawa. Ya yi shirun, ya rame kamar kara. Amma ni kaɗai ya taɓa yi wa kwatancen nan, don haka ya kai ƙara. Jami'an tsaro suka binciki wayata, komai na ciki. Iyayen gidan nawa, mutum biyun nan, tuni sun tsallake iyaka, ni kaɗai na shiga gidan yari.

A can kunya ta fi yunwa cina. A gaban alƙali na faɗi komai ban rage ba. 'Yan ƙasarsu mazauna waje suka ɗauki maganar suka yi ta kururuwa, har aka saki ƙanin da ransa, sai dai da ɗingishi.

Da na fito, a gona na sami Malam. Na kasa ɗaga kai. Ya jingine fartanya ya ce, "Nawa na yafe. Na Inna da na ƙanina ba ni da ikon yafe maka." Ya buga waya ya miƙo mini. Tsohuwar ta saurare ni har na gama kuka, sannan ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗana. Je ka yi noma." Ƙanin bai karɓi wayar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ina roƙo har yanzu.

Yau noma nake, Malam kuwa ya koma magana, muryarsa ta fi ta da ƙarfi. Samari, ku ji ni. Wanda ya fake a garinku amana ne. Duk wanda ya tare ku yana tambayar ina baƙonku yake kwana, su wa ya bari a gida, ku kai maganar ga mai gari da hukuma. Kada ku ce hoto ɗaya ne kawai. Ni ma haka na ce, ga shi wani bawan Allah zai ɗingisa har ƙarshen ransa.