Dariyar da Hawainiya Ta Ciro Daga Faifai

A layin masu gyaran kwamfuta, Hawainiya ake ce mata, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Abin da maƙwabcinta zai gama kafin shayinsa ya huce, ita sai ta wuni a kansa. Shagonta ɗan kurkutu ne ƙarƙashin matakalar bene: tebur, fanka mai kukan tsufa, da akwatin ƙananan sukurdireba da ta gada wurin babanta, mai gyaran agogo. A wurinsa ta koyi kara abu a kunne kafin ta taɓa shi.

Faifan ajiyar kwamfuta shi ne fanninta. Takan ce cikinsa gurabe ne jere kamar ɗakunan haya, wasu kan ruɓe da tsufa, abin da ke cikinsu ya ƙi karantuwa. Dokarta ɗaya ce, kuma ta ishi kowa da ita: idan rufi na yoyo, kaya ake fara kwashewa, ba gyara ba.

Wata safiya matar wanta marigayi ta shigo rungume da tsohuwar kwamfutarsa, 'yarta na riƙe da gefen mayafinta. Yarinyar tana goye uban ya rasu. Yanzu ta yi wayo, ta fara tambayar yadda muryar Abbanta take, kuma hoton bidiyo ɗaya tak da ya yi magana a ciki yana cikin wannan faifan.

Hawainiya ta kunna, ta kara kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Kukan faifan da ke gab da mutuwa ke nan.

"Yaya, me kika yi mata?"

"Ni ban yi komai ba. Duk na kunna sai ta ce wai a duba a gyara, ni kuwa sai in danna eh."

"Sau nawa?"

"Kullum mana. Ba gyara ta ce ba?"

Hawainiya ta dafe kai. Kowace dannawa tilasta wa allurar da ke karanta faifan take yi ta koma kan raunin tana ƙarzarsa, ɓarnar na ƙara faɗi. Ta so ta yi faɗa, ta dubi idon matar, ta haɗiye.

Maƙwabcin ya leƙo, ya ji ƙarar, ya ce wannan ai sai dai a yi masa salla. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ciro faifan, ta haɗa shi da wani lafiyayye, ta juya masa fanka don kada ya yi zafi, ta soma kwafa. Gurbin da ya buɗe ta kwashe, wanda ya yi gardama ta tsallake shi ba ja-in-ja. A allo, lafiyayyun gurabe suna fitowa kore, ruɓaɓɓu ja. Da la'asar kore ya cika allon, sai wani jan faci a tsakiya. Bidiyon kuwa a nan ya zaɓi zama, don tsiya.

Sai ta yi dabararta: ta tunkari jan daga ƙarshensa, tana dawowa da baya gurbi-gurbi, tana kashe faifan ya huta idan ƙarar ta tsananta. Ja ya riƙa tsukewa. Washegari faifan ya yi wata 'yar ƙara ya tsaya cak, bai sake juyawa ba. Amma kayan sun riga sun fita, in ban da 'yan ɗigo.

Ta kira matar da yarinyar. Ta danna bidiyon. Hoton ya fito, ya ɗan tsattsage a inda ɗigon suka ci, fuskar ta karye ta haɗu. Muryar kuwa ko ƙwarzane babu. Ga wanta yana cilla jaririya sama, yana cewa, "Kai, wannan hancin na gwaggonta ne, Allah ya ba ki haƙuri!" Sai ya fashe da dariyar nan tasa mai shaƙewa.

Matar ta toshe baki da mayafi. Hawainiya ta yi dariya, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta har wuya. Maƙwabcin da ke bakin ƙofa ya cire hula ya mayar.

Yarinyar ta taɓa hancinta, ta dubi na Hawainiya, ta matso jikin allon.

"Gwaggo, sake sa shi."

Ta sake sa mata, bayan ta kwafe shi wuri uku.