Wutar da Muke Kashewa Kafin Sallah

Har yau in na tuna da tsohuwar kwamfutar nan raina sai ya ɓaci. Baƙa ce, ta cinya, gwanjo na saye ta a Adjamé, ga nauyin tsiya. Shekara da shekaru tana min aiki a shagon yadinmu na Treichville, kusa da tashar Bassam, ba ta tashi yi min iskanci ba sai a makon da na fi bukatarta.

Muryar Baba ce a cikinta. Wata uku kafin rasuwarsa na zaunar da shi na ɗauki hirarsa a waya, na juye a kwamfutar, wayar kuma aka zare min ita daga aljihu a cikin gbaka, ƙananan motocin hayar nan. A ƙarshen hirar ya yi maganar ƙanwarsa, Goggonmu ta Katsina. Fiye da shekara ashirin ba ta yi masa magana, saboda bai je gida ba lokacin jinyar mahaifiyarsu, har aka binne ta yana nan yana jiran kayansa a bakin ruwa, wato tashar jiragen ruwa. Ya ce a roƙar masa ita ta yafe masa.

Goggo ta zo sadakar arba'in. Na durƙusa na isar mata da saƙon. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Da bakinsa ya faɗa, ko kai ne kake gyara masa?"

"Wallahi Goggo da bakinsa."

"To in ji da kunnena. Ran Alhamis zan koma."

Ranar Asabar ce. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na buɗe kwamfuta, sai ga shuɗin allo da rubutun Faransanci: wai tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Wa ya aike ta? Ni na ce ina son sabuwa? Na bar ta a ɗakin ajiya na bayan shago na tafi bakin ruwa wajen fitar da kaya. Na dawo na tarar da ita a mace. Na kunna, ta ce sabuntawa ba ta yiwu ba, tana warware abin da ta yi. Ta warware, ta sake tashi, ta kuma faro daga farko. Lahadi haka, Litinin haka. Ba ta barin ka shiga, ba ta kuma gamawa.

Ran Talata na saka ta a jaka na haye gada sai Adjamé, layin masu gyara. Na farko ko saurarona bai gama ba ya ce, "Alaji, sai formate." Na tambaye shi me ke nan. Ya ce a share komai ta dawo fes. Kafin in buɗe baki har ya soka wani abu a gefenta. Na fizge kayana ina cewa, "Kai, ubana ne a ciki!" Ya yi dariya, maƙwabtansa suka taya shi. Wallahi da ba don girma ba da na mare shi. Mutum ya zauna da sukuddireba ɗaya da kalma ɗaya, wai shi injiniya!

A can ƙarshen layi na sami wata mata mai tabarau, Bajula ce a ƙabila. Ita ta bari na gama bayani. Ta jona kwamfutar, ta bari ta kama, sai kawai ta zare wayar wutar daga bango. Nan take allo ya yi baƙi.

"Batirinka ya daɗe da mutuwa," in ji ta. "Wannan tsohuwar tana son awa shida ko bakwai da wuta da intanet, ba yankewa. Sau nawa ake ɗauke muku wuta?"

Na ce mata layinmu ba a cika ɗauke wuta ba.

"To akwai mai kashe ta."

Ina tsaye a gabanta na gane mai kashe ta. Tun ina ƙarami gobara ta taɓa cinye wa Baba shago, wayar wuta ce ta kama ana masallacin Juma'a. Daga ranar ya kafa doka: ba a fita sallah sai an sauke babban makunnin wutar shago. Azahar, la'asar, magariba, haka ma in za a rufe shago da dare. Mun taso da ita har hannu yana yi ba tare da kai ya sani ba. Ran Lahadi ma ni da hannuna na sauke shi, ina tafe masallaci ina tsine wa Turawan da suka ƙera na'urar. Matar ta ce in bar mata kwamfutar zuwa gobe. Bayan abin da na gani a wancan teburin, na ce a'a, na gode.

Laraba da hantsi na jona ta a shago, don can ne muke da intanet, na yi wa Yaya bayani. Yayanmu shi ne babba, shi ke riƙe da shagon yanzu, kuma taurin kan Baba kaf shi ya gada.

"Ba za a bar wuta a kunne ba," ya ce.

"Yaya, yau ɗaya tak."

"Baba ko kwana hamsin bai yi a ƙasa ba za ka fara karya masa doka saboda akwatin banza?"

Nan fa na hau. Na ce akwatin banzan nan shi ke riƙe da maganarsa ta ƙarshe. Na ce in Goggo ta hau mota gobe ba ta ji ba, wa zai je kabari ya gaya masa mun tsare masa makunni mun bar shi da haƙƙin 'yar'uwarsa? Ya ce in zauna gadi mana. Ya kuma san sarai ana jirana a bakin ruwa da takardu kafin azahar, shi kuma bai taɓa rasa jam'i ba, ba zai fara yau ba. Muryoyinmu suka tashi har masu wucewa suna leƙe.

Ashe Goggo tana bakin ƙofa, ta zo zaɓar wa jikokinta yadi. Ta ji komai. Ta ja kujerar roba ta kai ƙarƙashin makunnin, ta zauna, ta ciro carbi.

"Don ba kowa a shago ya ce a kashe, ko? To ga ni. Ku tafi."

Yaya ya buɗe baki.

"Kai, na goya ubanka kuwa? A'a, shi ya goya ni. Na fi ka sanin abin da yake tsoro. Wuce."

Na dawo bayan la'asar na same ta inda na bar ta. A nan ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallolinta. An kawo mata abinci ta ce a ajiye. Yaya ya gaya min a ɓoye cewa da zai fita azahar hannunsa ya miƙa sama da kansa, ta buge shi da carbi. Matar da ba ta karanta ko harafi na Faransanci ba, kowane ɗan lokaci sai ta aika a duba mata lambar da ke allo, ta ƙaru ko ba ta ƙaru ba.

Gab da magariba kwamfutar ta mutu ta tashi sau biyu, sannan ta buɗe kamar ba ita ba. Ko kunya babu. Na nemo hirar, na ce bari in kai ta ƙarshe wajen saƙon.

"Bar shi daga farko," in ji Goggo.

Baba ya yi gyaran murya, ya ce min in matso da wayar kusa. Iyakar abin da ya kai ga faɗa ke nan. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

"Ya tsufa," ta ce. "Ba wanda ya gaya min muryarsa ta tsufa haka. Na yafe maka, ɗan'uwana. Na yafe."

Saura kusan awa guda kafin hirar ta zo wurin da Baba ya roƙi yafiyar. Aka kira magariba, Yayanmu ya tashi, ya dubi makunnin, ya saka hannunsa a aljihu ya fita.